Masu Karatu Biyar, Wando Ɗaya

Shekara bakwai na yi ina bin kwamitin laburaren garinmu da magana ɗaya: a ba mu kusurwa, mu ma mu jera littattafai da harshenmu. Garin ƙarami ne, a tsakiyar gonakin masara na jihar Nebraska, kuma tun da aka buɗe kamfanin yanka shanu kusan rabin mutanensa Sifaniyanci suke yi a gida. Amma in ka shiga laburare, abin da za ka samu da harshenmu ƙamus ɗaya ne da ya rasa bango, sai wata takarda mai gargaɗin kada a zuba mai a kwata. Ni Herminia, shekara goma sha tara na yi riƙe da wuƙa a kamfanin nan kafin kafaɗata ta ce ta gaji, sannan na samu aikin rabin yini a laburare ina jera littattafai. Duk wata sai na je zaman kwamiti na zauna a kujerar baya na ɗaga hannu, har ta kai tun kafin in buɗe baki suke cewa sun sani.

Daga ƙarshe dai suka gaji da ni. Shugaban kwamitin, Mista Novak, wani tsohon manomi da ba ya murmushi sai an yi ruwan sama, ya ce an ba mu kanta biyar kusa da taga, da kuɗin sayen littattafai. Amma akwai sharaɗi. Daga Janairu zuwa ƙarshen Yuni, sai an ari littafi sau ɗari uku daga kusurwar nan. In ba a kai ba, a kwashe namu, a mayar da tsofaffin jaridun noma da aka cire dominmu. Na ce na yarda, kuma ranar nan da ƙafa na koma gida, na manta cewa da mota na zo.

Kuskurena ɗaya ne: na faɗa wa ƙawata Chayo, ita kuma ta faɗa wa mijinta.

Mijin Chayo shi ne Don Lute, mai shagon faci a bakin layin dogo. Shi ya riƙe 'yata ranar baftisma, saboda haka compadre nake ce masa, shi kuma ya ce mini comadre, kuma wanda ya riƙe maka ɗa ba ka da damar zaginsa sai a zuci. Duk wanda ya kawo masa taya sai ya ji cewa Don Lute ya yi shekara huɗu a jami'ar Guadalajara, can ƙasarmu ta asali. Kuma gaskiya ne. Shekara huɗu cur ya yi a bakin ƙofarta yana sayar da burodi da nama.

Zaman kwamiti na gaba sai ga shi da kwat, gashin baki an shafa masa mai. Ya gaya musu da Ingilishi, rabi da baki rabi da hannu, cewa babu mai sayar da littafi a Guadalajara da bai san sunansa ba. Ya ce dama duk Disamba yana zuwa gida da a-kori-kurarsa, zai ɗauko musu kaya ba tare da kuɗin dako ba. Wannan magana ta ƙarshe ita ta shiga kunnen manoman. Kafin in ɗaga hannu an riga an miƙa masa aikin, Mista Novak har da girgiza masa hannu.

Na bi shi waje da takardata. Wata uku na yi ina tara ta, ina tambayar mata a bakin ƙofar kamfani da maza bayan coci abin da suke so su karanta. Littattafan yara masu hotuna, girke-girke, yadda ake cin jarrabawar zama ɗan ƙasa, yadda ake zama da ciwon sukari, gyaran mota, labaran soyayya. Ya riƙe ta da yatsu biyu, ya dube ta irin kallon da yake yi wa tayar da ta wuce faci.

"Comadre, wannan ai takardar cefane ce. So kike Turawa su ce mutanenmu ba su san komai ba sai tukunya da soyayya? Ki bar ni da su. Zan kawo littattafan da in Mista Novak ya gani sai ya cire hula."

"Compadre, ba Mista Novak ne zai karanta ba."

"Shi ya sa. Shi gani zai yi."

Ya ninke takardar ya cusa a aljihun baya, ban sake ganinta ba.

A farkon Janairu ya dawo, tun daga bakin gari yake danna ham. Ya tsaya a ƙofar laburare ya yaye tamfol kamar mai buɗe amarya, sai ga kwalaye har sama. Misis Dahl, shugabar laburaren, ta fito cikin dusar ƙanƙara ba ko rigar sanyi. Mace ce mai kirki, amma Sifaniyancinta bai wuce "na gode" da "barka da zuwa" ba. Da aka yanka kwalin farko ta ga jajayen bangaye da rubutun ruwan zinare, sai ta dafe ƙirji. Ni ma, Allah ya sani, sai da zuciyata ta ɗan motsa.

Na ɗauko na farko. Kundin sani ne, juzu'i na bakwai, daga harafin M zuwa N. Na ɗauko na biyu, juzu'i na bakwai. Na zazzage kwalin gaba ɗaya, guda arba'in, duk na bakwai. Na buɗe kwali na biyu, sai ga 'yan'uwansu. Da na tambaye shi ina sauran juzu'an, sai ya ce mai sayarwa ya rantse masa na bakwai ya fi kowanne, sauran duk cikon benci ne.

Daga nan abin ya ci gaba. Dokokin haraji na wata jiha na shekara arba'in da suka wuce. Kiwon zomo a bakin teku. Gyaran injin jirgin ruwa, har guda talatin, a garin da ruwansa mafi girma shi ne kududdufin bayan mayanka. Daga baya Chayo ta tsegunta mini cewa ko ƙofar kantin littattafai bai taka ba. Sati biyu ya yi yana zaga 'yan'uwa yana cin naman akuya, ana gobe zai taso surukinsa ya kai shi wani sito inda ake tara takardun da za a niƙa. A kan sikeli ya saya, da launi ya zaɓa.

Kwali huɗu na ƙarshe su suka ƙarasa ni. Na buɗe shafi na ga kalmomin suna kama da namu amma duk sun sa wasu huluna da ban sani ba.

"Compadre, wannan ba harshenmu ba ne. Na mutanen Brazil ne."

Ya karɓa, ya nisanta shi da fuska, ya karanta layi ɗaya ta hanci. "Sifaniyanci ne mana, na manyan mutane. Haka masu kuɗi suke magana a babban birni, ta hanci. Ke ba ki taɓa zama da su ba ne."

Misis Dahl ta tambaye ni ko lafiya. Na dubi fuskarta, na tuna shekara bakwai, na ce lafiya lau. A ƙasan kwalayen, inda aka cusa su don kada manyan su yi motsi a hanya, na tsinci wasu ƙananan littattafai goma sha tara: na yara goma sha ɗaya, na girki biyu, na soyayya biyar, da ɗaya na maganin ganye. Compadre ya ce shara ce a zubar. Na jera su a kantar ƙasa, inda tumbinsa ba ya barin sa ya gani.

Ranar buɗewa ya zo da allo ya rataya a waje, da jan fenti, LIBRERÍA. Mu da muka daɗe a ƙasar nan haka muke kiran laburare, don kalmar ta yi kama da ta Turawa, bakinmu ya lalace ba mu sani ba. Amma ga wanda ya zo daga gida bara, librería kanti ne da ake sayar da littafi. Wurin aro biblioteca ne. Na ce ya sauke, ya ce shi da ya yi jami'a ba mai yanka nama ce za ta koya masa rubutu ba. Saboda haka rabin mutane suka wuce, don ba a yi albashi ba, sauran kuma suka shigo da hannu a kan aljihu.

Doña Tomasa ce ta fara isowa, tsohuwar da ke sayar da tamal, irin alalar masara mai nama a ciki, ranar Asabar, wadda bakinta ya fi wuƙata ta kamfani kaifi. Ta ɗauki juzu'i na bakwai ta auna shi a tafin hannu ta tambayi nawa. Compadre ya ce kyauta ne, aro ne. Ta ce kyauta a ƙasar nan, inda ko atishawa sai ka biya haraji? Ta buɗe, ta bi shi da yatsa, ta rufe.

"Daga M zuwa N. Sunana da T ya fara, ashe ba ni a ciki. Amma yana da nauyi, Lute. In na ara, zan iya danne cuku da shi?"

Wasu samari uku daga kamfani suka tambayi littafin gyaran mota. Ya miƙa musu na jirgin ruwa, ya ce inji inji ne. Ɗaya daga cikinsu ya ce to in motarsa ta mutu a hanyar Omaha sai ya saki anga kamar jirgin ruwa ke nan. Wata mata 'yar Guatemala mai goyo ta tambayi abin karanta wa yara, ya ɗauko mata na zomo ya ce akwai hoto. Akwai hoto kuwa, na yadda ake feɗe shi. Na ja ta gefe na nuna mata kantar ƙasa.

Ƙarshen Maris, da na duba kwamfuta, aro sittin da ɗaya aka yi. Rabin lokaci ya tafi. Abinci ya daina yi mini daɗi, Mista Novak kuma in ya shigo sai ya tsaya ya auna kusurwar da ido, kamar mai son sayen fili. Na tafi shagon faci na samu compadre a ƙarƙashin wata mota, ƙafafunsa kawai a waje, na gaya wa ƙafafun duk abin da ke raina.

Ya sulalo ya fito yana goge hannu. "Ɗari uku kawai? Comadre, ai da kin faɗa tun farko."

"Na faɗa ya fi sau ɗari uku."

"To ki je ki kwantar da hankalinki. Mutanenmu sai da mai tura su. Daga gobe zan shiga gari in koya musu son karatu."

Abin da ya yi, ban san shi ba sai daga baya, amma gara in faɗa yanzu. Kowanenmu sunan mahaifi da na mahaifiya yake ɗauka a jere, ga kuma sunan baftisma, sau da yawa biyu. Takardun Turawa kuwa gurbi ɗaya suke da shi na suna, ɗaya na dangi, don haka kowane ofis sai ya tsinci wanda ya yi masa ya zubar da saura. Cikakken sunan compadre José Eleuterio Zamarripa Luna ne, Lute ɗin gajarta Eleuterio aka yi. A takardar kuɗin wuta shi José Luna ne. A ta ruwa, Eleuterio Luna. A lasisin tuƙi, Eleuterio Zamarripa. A tsohon katinsa na kamfani, José Zamarripa. Asibiti kuwa suka jefar da sunayensa biyu na fari gaba ɗaya, suka rubuta Luna Zamarripa, Luna kuwa a wurin Turawa sunan mata ne. Mu duk masifa muke ɗaukar wannan abu, don ya sha hana mutum karɓar wasiƙarsa. Compadre shi kaɗai ya dube shi ya ga arziki.

Safiyar Talata da ta Alhamis ba na aiki. Wasu tsofaffin Turawa mata ne 'yan sa-kai suke karɓa-karɓa a tebur, kuma duk abin da ake bukata don a yi maka katin aro shi ne takarda mai sunanka da adireshi. Sai ya je da hular kaboyi da takardar wuta, ya fito José Luna. Ya koma da hular sanyi da takardar ruwa, ya fito Eleuterio Luna. Cikin sati uku ya zama mutum biyar, kowanne da katinsa, kowane kati yana ɗaukar littafi goma sha biyar. Ya loda a a-kori-kura, bayan sati biyu ya dawo da su, ya sake ɗiba da wata hular. A shago kuwa ba su zauna banza ba. Dokokin haraji sun zama kujerar masu jiran faci, juzu'i na bakwai guda biyu sun daidaita ƙafar firji.

Ni dai na ga lamba tana hawa. Ɗari da ashirin, ɗari biyu, ɗari biyu da casa'in. Na ga sunayen a kwamfuta, amma rabin mutanenmu daga ƙauyuka biyu suka fito, in ka jefa dutse a coci ko ka samu Luna ko ka samu Zamarripa. Na yi mamakin wanda ke karanta injin jirgin ruwa har sau uku, sai na haɗiye mamakina. Ina so in yarda, sai na yarda. Wannan laifina ne, kuma har yau yana cina.

Aka rufe ƙirga da ɗari huɗu da goma sha biyu. Misis Dahl ta rungume ni har tabarauna ya faɗi, ta ce Asabar mai zuwa za a yi biki a zauren laburare. Aka cika zauren. Doña Tomasa ta kawo tamal tukunya biyu, 'yan kwamiti suka jeru a gaba, Mista Novak da hularsa a gwiwa. Compadre ya zo da kwat ɗin nan, Chayo a gefensa. Ba wanda ya ba shi dama, amma ya miƙe ya yi jawabi. Ya ce ya tarar da mutanensa cikin duhu ya kunna musu fitila. Ya ce akwai waɗanda suka so a cika wurin da littafin girki, ba zai ambaci suna ba, ya dube ni. Aka yi masa tafi, ya sunkuya sau uku.

Sai Misis Dahl ta miƙe da takarda, ta yafito ni in tsaya kusa da ita in fassara. Ta ce ta ɓoye wani abin mamaki, ko ni ba ta gaya wa ba. Ta binciko mutum biyar da suka fi kowa aro, kuma kowanne akwai kyautarsa. Ina fassarawa na hangi compadre ya daina taunawa.

Na biyar, José Zamarripa, littafi talatin. Aka waiwaya, José uku ne a zauren amma ba Zamarripa a cikinsu. Compadre ya miƙe ya ce ɗan baffansa ne, ya tafi Kansas aikin gini, zai karɓar masa. Aka ba shi kofi mai hoton littafi. Na huɗu, Eleuterio Luna, arba'in da biyar. Ya sake miƙewa, ya ce wannan ɗan'uwansa ne ta wajen uwa, yana kwance ba lafiya. Aka ba shi biro.

"Na san uwarka, Lute," in ji Doña Tomasa daga bayan tukunya. "Namiji ɗaya ta haifa, ta dube shi ta ce ya isa."

Aka fara dariya ƙasa-ƙasa. Na uku, José Luna, shi ma arba'in da biyar. Ban gama rufe baki ba Chayo ta ce abin mamaki, wannan ai sunan da ke kan takardar wutarsu ne. Compadre ya ce mata suna ya yi kama da suna, ya miƙe karo na uku, gumi yana bin kwalarsa, ya ce abokinsa ne mai kunyar taro. A nan na gane.

Na biyu, Eleuterio Zamarripa, littafi sittin. Wannan karon da ƙarfi ya tashi, don ya samu suna ɗaya da zai amsa ba tare da ya kwantar da kowa ciwo ko ya tura shi Kansas ba. Mista Novak ya ce mutum mai shago ya karanta littafi sittin, abin a yaba ne, wanne ya fi burge shi? Compadre ya ce juzu'i na bakwai. Aka tambaye shi me ke ciki. Ya yi tunani, ya ce galibi dai M ne, sai can wajen ƙarshe N ta shigo.

Sai Misis Dahl ta ɗauko wani mayafi na ulu, shuɗi, da ta saƙa da hannunta. Ta ce wadda ta zo ta ɗaya mace ce, Luna Zamarripa, littafi saba'in da biyar. Ta ce tana hango ta, wataƙila ta yini tsaye a kamfani, ta dawo ta yi girki, amma ta samu lokacin karanta dokokin haraji da harshen Brazil. Ta yi ta neman ta a waya ba ta samu ba, don haka za ta faɗi adireshi, maƙwabta su kai mata. Gida na goma sha huɗu, layin dogo. Na fassara, don aikina ke nan.

Chayo ta ajiye kofinta a hankali. "Comadre, maimaita lambar gidan."

Na maimaita.

"Lute, gida ɗaya ne mai wannan lamba, kuma ni nake share shi. Wace ce Luna?"

Compadre ya dubi ƙofa, ta yi nisa. Ya dubi 'yan kwamiti, ya dubi Chayo. Hanya biyu ce a gabansa, ɗaya ta faɗa hannun kwamiti, ɗaya hannun matarsa, ya zaɓi kwamiti don su ba sa bin mutum gida.

"Ni ne," ya ce, da wata 'yar murya da ban san yana da ita ba.

"Ni ce za ka ce," in ji Doña Tomasa. "Mace ce a takarda."

Zauren ya fashe. Samarin kamfani suka faɗo daga kujeru, wani ya karɓi mayafin ya yafa masa a kafaɗa. Misis Dahl tana murmushi tana jan hannuna in gaya mata abin da aka ce. A rayuwata na fassara wa mutane maganar likita da ta 'yan sanda, amma ban taɓa yin fassarar da ta yi mini nauyi kamar wannan ba. Na gaya mata duka, da huluna da takardar wuta da komai, don compadre ya riga ya fara zayyana wa Chayo don ya wanke kansa. Murmushinta ya tafi a hankali.

Mista Novak bai yi dariya ba. Ya ciro fensir daga aljihun rigarsa ya rubuta a bayan takardar biki. Mutum biyar, ɗari biyu da hamsin da biyar. A cire daga ɗari huɗu da goma sha biyu, saura ɗari da hamsin da bakwai. Ya faɗi lambar a fili, kuma wannan ba ta bukaci fassara ba. Dariyar ta mutu. Mutanen da suka zo cin tamal sai a lokacin suka tuna abin da aka taru a kai.

Ban san lokacin da na isa kusurwar ba. Daga cikin ƙananan littattafan nan goma sha tara, shida ne kawai a kanta, sauran suna gidajen mutane. Na kwaso su na zube a gaban Mista Novak. Na yara ɗaya an liƙe bayansa da salatif har sau uku. Na girki ya sha mai da jan barkono, a gefen wani shafi wata ta rubuta da fensir cewa gishirin ya yi yawa, wata kuma ta amsa mata a ƙasa cewa harshenta ne ba lafiya. Na ce masa, da Ingilishina na mayanka, waɗannan da 'yan'uwansu goma sha uku su kaɗai suka fita sau ɗari da hamsin da bakwai. Na juya na tambayi zauren wa ke jiran layin littafin girki, mata goma sha ɗaya suka ɗaga hannu. Na ce masu karatu ba su yi ƙaranci ba, abin karantawa ne babu, kuma ni na san haka tun Janairu na yi shiru don kunya.

Ya daɗe yana jujjuya littafin girkin. Ya sa na karanta masa faɗan gishirin, ya ce kamar matarsa da ƙanwarta ke nan. Suka haɗa kai da sauran 'yan kwamiti, sannan ya ce sharaɗi sharaɗi ne, ba a kai ɗari uku ba. Kanta uku za su koma wa jaridun noma ranar Litinin. Biyu za su zauna shekara guda a gani, kuma wannan karon ni zan zaɓi abin da za a saya, ba wani mai kwat ba.

Aka yi tafi, ni ban yi ba. Shekara bakwai na yi kafin in samu biyar, aka mayar da ni biyu a yini ɗaya, kuma na san ni zan kama musu ɗaukar jaridun. Na je na zauna a bayan tebur. Sai ga compadre, kofi a hannu ɗaya, biro a ɗaya, mayafin har yanzu a kafaɗa.

"Kin gani, comadre? Ba don dabarata ba, da yaushe za ki samu bakin yi musu wannan jawabi?"

"Kanta uku ka ci mini, compadre."

Na miƙa hannu na ce ya ba ni katunan. Ya zaro su ɗaya bayan ɗaya daga aljihu daban-daban, na jera su biyar a kan tebur na ɗauko almakashi. Na ce doka mutum ɗaya kati ɗaya, ya nuna mini wanne ne ya riƙe 'yata, shi zan bari.

"Yanke duka," in ji Chayo daga bayansa. "Shekara talatin da ɗaya ina aure da su biyar ɗin, ba wanda ya taɓa karanta ko takardar wuta."

Na yanke huɗu. Na bar masa na Luna, don ita ta fi su ƙoƙari.